Mary Shelley (1797-1851): Rayuwarta da Gargaɗinta ga Masu Ƙira

An haifi Mary Shelley a birnin Landan ran 30 ga watan Agusta, 1797. Mahaifinta, William Godwin, masanin falsafa ne. Mahaifiyarta kuwa, Mary Wollstonecraft, ta yi suna wajen rubutu a kan haƙƙin mata. Kwana 11 da haihuwar, uwar ta rasu. Saboda haka Mary ta tashi cikin maraici, sai littattafan ubanta suka zama abokan hirarta.

A 1814 ta bar gida tare da mawaƙin nan Percy Bysshe Shelley, wanda ta aura a ƙarshen 1816. 'Yarsu ta fari ta zo bakwaini a 1815, ba ta kuwa yi wata guda a duniya ba. A 1816 suka ziyarci Lord Byron a bakin tafkin Jeniba, a ƙasar Suwizalan. Ruwan sama ya tsare su a ɗaki, Byron ya kawo shawarar kowa ya ƙago labarin ban tsoro. A zamanin ana ta zancen gwajin Luigi Galvani, wanda ya nuna lantarki na motsa ƙafar mataccen kwaɗo. Daga nan Mary, tana 'yar shekara 18, ta sami tushen Frankenstein, wanda aka buga a 1818 ba tare da sunanta ba.

Tauraron littafin, Victor Frankenstein, ɗalibin kimiyya ne a Ingolstadt ta Jamus. Ya harhaɗa sassan gawawwaki a ɓoye har abin ya motsa, amma da ya ga muninsa sai ya ranta a na kare. Dodon ya koyi magana da karatu, ya nemi jama'a su karɓe shi, kowa ya kore shi. Sa'an nan ne ya juya, ya kashe ƙanen Victor da amininsa da amaryarsa.

Jigon labarin bai tsaya ga hatsarin zurfafa bincike ba. Babban laifin Victor shi ne ya yi aiki ba shawara, ya kuma yi watsi da abin da hannunsa ya ƙera. Wadda ta tashi ba uwa, ta kuma binne 'ya'ya uku cikin huɗun da ta haifa, ta san ciwon rashin mai kula.

Mijinta ya nutse a teku a Italiya a 1822. Ta koma Ingila, ta riƙe ɗanta da abin da alƙalaminta ya samo, ta fitar da The Last Man a 1826, ta kuma sake gyara Frankenstein a 1831. Ta rasu a Landan ran 1 ga Fabrairu, 1851.

Gargaɗin nata ya shafi kowace irin ƙira, har da ta ƙasarmu. Madatsar ruwa ta Tiga, a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, ta raya noman rani a Kadawa, amma ta rage ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita. Tambayar da Mary Shelley ta bari ke nan: in an gama ƙira, wa zai ɗauki nauyin abin da ya biyo baya?