Mitsuyo Maeda: Ɗan Gajeren Da Ya Kai Kokowar Ƙasa Burazil

Mai karatu, idan kana kallon damben keji a talabijin ko a waya, na san ka sha ganin wani ya zagaya bayan abokin karawarsa, ya maƙale masa kamar kaska, ya zura hannu a wuya, kafin ka ce kwabo wasa ya ƙare. Yau na ɗauko muku tarihin mutumin da ya kai tushen wannan salo Burazil daga Japan. Sunansa Mitsuyo Maeda.

An haife shi a watan Nuwamba na 1878 a yankin Aomori, can arewacin Japan. Yana yaro ya taɓa kokowar sumo, amma jiki bai ba shi ba, don ko da ya girma tsayinsa santimita 164 ne kawai. Da ya je karatu Tokyo sai ya shiga Kodokan, makarantar judo da Jigoro Kano ya kafa a 1882, kuma nan da nan ya yi fice.

A ƙarshen 1904 ya raka malaminsa Tsunejiro Tomita zuwa Amurka don su nuna wa duniya judo. Bayan sun rabu, Maeda ya shiga karawar kuɗi, yana yawo ƙasa-ƙasa: Ingila, Beljiyam, Sifaniya, Kyuba, Meziko. A Sifaniya ne ya samu laƙabin Conde Koma. Ya kara da ’yan kokowa da ’yan dambe waɗanda suka fi shi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, ga shi a ƙasar mutane, abincinsa da mutuncinsa duk suna kan nasara.

To, yaya ƙaramin mutum yake yi da ƙato? A kokowarmu ta gargajiya, da zarar an kai mutum ƙasa an gama, sai kiɗa da kirari. A wajen su Maeda kuwa, nan ne aiki yake farawa. Ya kauce wa naushi, ya shige jikin mutum, ya kayar da shi, sannan ya nemi wurin da ƙarfin ƙato ba zai amfane shi ba. A ganina babu wurin da ya kai baya, domin wanda aka hau bayansa ba ya ganin hannun da ke zuwa, naushinsa kuma ba ya isa inda yake so.

Ga yadda ake yi. Ka manna ƙirjinka a bayansa, ka saƙala ƙafafunka biyu a cikin cinyoyinsa kamar ƙugiya, hannu ɗaya ta saman kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, ka haɗe su a ƙirjinsa. Duk inda ya mirgina kana tare da shi. Sai damtse ya zagaye wuya, gwiwar hannu ta daidaita da haɓa, a matse jijiyoyin nan biyu na gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum zai sume idan bai bubbuga hannu ya miƙa wuya ba. Shi ya sa nake jan kunnen matasa, wannan ba abin gwadawa ba ne a majalisa ko a makaranta, sai gaban malami. Japanawa suna kiran shaƙar hadaka-jime, kuma cikin shaƙa biyar da ke tsarin koyarwar Kodokan na riƙon ƙasa, uku ta baya ake yin su. Mutanen Burazil suka raɗa mata mata leão, wato kashe zaki.

Maeda ya isa Burazil a 1914, ya zauna a Belém, bakin yankin Amazon, ya buɗe makaranta. Cikin yaran da suka koya a wurin akwai Carlos Gracie, wanda daga baya shi da ƙannensa, musamman Hélio, suka ci gaba da koyarwa a Rio de Janeiro. Su da almajiransu ne suka mayar da kama baya babban ginshiƙi, har yau a manyan gasanni maki 4 ake ba wanda ya kama baya da ƙugiya biyu. A 1993, a gasar UFC ta farko a Denver, Royce ɗan Hélio ya gama wasan ƙarshe da Gerard Gordeau da wannan shaƙa ta baya.

Shi kuwa Maeda, a ƙarshen rayuwarsa ya fi mayar da hankali ga taimakon Japanawa baƙi da ke zuwa noma a Amazon. Ya zama ɗan ƙasar Burazil, ya ɗauki sunan Otávio. Ciwon ƙoda ya yi ajalinsa ranar 28 ga Nuwamba 1941 a Belém, yana da shekara 63, kwana ɗaya bayan Kodokan ta ɗaga shi zuwa daraja ta 7. A can aka binne shi.