Taƙaitaccen Tarihin Shehu Isma'ila Dede Efendi (1778–1846)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin bayin Allah da suka sadaukar da baiwar muryarsu ga ambaton Ubangiji akwai Shehu Isma'ila Dede Efendi, muridin ɗariƙar Maulawiyya ta Maulana Jalaluddin Rumi, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba na masu tsara waƙa da kiɗan fada a Daular Usmaniyya.

Haihuwarsa da Tarbiyyarsa

An haife shi a birnin Istanbul ranar Babbar Salla ta shekarar 1191 Hijiriyya, daidai da 1778 Miladiyya, dalilin da ya sa aka raɗa masa suna Isma'ila. Mahaifinsa Sulaimanu Aga mai gidan wankan jama'a ne. Tun yana ɗan makaranta aka gane zaƙin muryarsa, sai wani masanin waƙa, Muhammadu Amin Efendi, ya ɗauke shi ya koyar da shi.

A shekarar 1798 ya miƙa wuya ga Shehu Aliyu Nutki Dede na zawiyyar Yenikapi, ya shiga hidimar kwana 1001 da Maulawiyya suka sharɗanta wa muridi, wadda ake yinta a madafar zawiyya domin karya girman kai. Da mahaifinsa ya rasu, ya sayar da gidan wankan da ya gada, ya ciyar da kuɗin a kan 'yan'uwa. Ya kammala hidimar a 1801, aka ba shi laƙabin Dede.

Tsakanin Zawiyya da Fada

Yana cikin wannan hidima ne wata waƙa da ya tsara ta game birni, har ta kai kunnen Sarki Salim na Uku, wanda shi ma ɗan Maulawiyya ne, kuma gwanin tsara waƙa. Daga nan ƙofar fada ta buɗe masa. A zamanin Sarki Mahmud na Biyu ya zama shugaban ladanan fada. Duk da wannan ɗaukaka bai yanke zuwa zawiyya ba, bai kuma daina karantar da almajirai ba.

An ƙiyasta cewa ya tsara waƙoƙi kimanin 500, waɗanda sama da rabinsu suka iso wannan zamani. Mafi daraja a cikinsu su ne dogayen waƙoƙi bakwai na majalisin zikirin Maulawiyya, waɗanda ake rerawa da baitocin Farisanci, tare da sarewa da ƙananan ganguna, yayin da muridai ke juyawa. Ya kuma ƙago sababbin tsare-tsaren hawa da saukar murya, irin waɗanda ake kira maƙam. Ta hanyar hadda, baki da baki, wannan ilimi ya wuce ga almajiransa irin su Zekai Dede, tamkar yadda ake karɓar wuridi daga shehi zuwa muridi.

Juyin Zamani da Wafatinsa

A 1826 aka rushe rundunar Janisari tare da makaɗanta na gargajiya, a 1828 kuma aka ɗauko Giuseppe Donizetti daga Italiya domin ya kafa kiɗan Turawa a fada. Da Sarki Abdulmajid ya hau gado a 1839, hankalin fada ya ƙara karkata ga sabon salon. Shehu Isma'ila ya ga kasuwar abin da ya ƙare rayuwarsa a kai tana ja da baya, sai ya nemi izinin tafiya aikin Hajji.

A can annobar kwalara ta kama shi, ya cika a Mina ranar Babbar Salla ta 1262 Hijiriyya, wato 1846, ranar da ta yi daidai da ta haihuwarsa. An binne shi a Makka, kusa da kabarin Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda.

A 1925 gwamnatin Turkiyya ta rufe zawiyoyi, fadar da ya yi wa hidima kuwa ta riga ta shuɗe. Amma waƙoƙinsa na zikiri sun wanzu a bakin almajiran almajiransa, gidansa na Istanbul kuma ya zama gidan tarihi. Abin da aka yi domin Allah shi ne mai wanzuwa.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya amfanar da 'yan'uwa da kyakkyawan misalinsa. Amin.