Sarkin Kano Alu Maisango: Daga Takai Zuwa Lakwaja

Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Maisango, ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, jika kuma ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba ta wajen uwa. Ya tashi cikin karatu, har ana lissafa shi cikin malaman gidan Dabo.

A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi suka ƙi mubaya'a, suka bi yayansu Yusufu zuwa Takai, yamma da Dutse, suka kafa sansani. A zamanin nan Dutse ma tana ƙarƙashin Kano. Mafarin Basasa ke nan, watau Musulmi ya zare wa ɗan'uwansa takobi a kan gadon sarauta. Da Yusufu ya rasu a 1894, sai rundunar ta yi wa Alu mubaya'a. Ya shiga birni da yaƙi cikin wannan shekara. Tukur kuwa aka ci shi a Tafashiya a 1895, ajalinsa ke nan.

Ƙasa ba ta gama farfaɗowa ba sai ga hare-haren Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga, sa'an nan ga Nasara. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, suka ci Kano, alhali Alu ya tafi Sakkwato yi wa Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. A kan hanyar komowa labari ya iske shi. Dare ɗaya ya rabu da rundunarsa. Waziri Ahmadu ya ja jama'a, ya yi shahada a Kwatarkwashi.

To, me ya sa jarumin da ya ci Kano da takobi ya bar fage? Waɗansu masana sun ce hijira ya nufa, yadda Attahiru ya yi daga baya. Waɗansu sun ce ya gane doki da mashi ba su iya wa igwa. 

An kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja. Can ya duƙufa ga ibada da rubutu har ya rasu a 1926. Allah ya jiƙansa, ya tsare Musulmi daga fitina. Amin.