James Parkinson: likitan unguwa da ya gano ciwon kyarma a titunan Landan

Ranar 11 ga Afrilu ta kowace shekara, duniya na tunawa da masu fama da ciwon Parkinson, cutar ƙwaƙwalwa mai kawo kyarmar hannu, sandarewar jiki da nauyin tafiya. An zaɓi ranar ne domin ita ce ranar haihuwar mutumin da cutar ta ci sunansa.

An haifi James Parkinson a 1755 a unguwar Hoxton da ke Landan, a Ingila. Mahaifinsa likita ne mai haɗa magani, kuma shi ya gaje shi. A wannan unguwa ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Bai tsaya ga likitanci kaɗai ba. Ya yi ta rubuta ƙasidun siyasa da sunan ɓoye, yana neman a bai wa talaka damar zaɓe. A 1794 majalisar sarki ta yi masa tambayoyi kan zargin wata maƙarƙashiya ta kashe Sarki George na Uku, amma ba a tuhume shi da komai ba. Ya kuma shahara wajen nazarin ragowar halittun da suka zama dutse.

A 1817, yana da shekara 62, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi kan ciwon kyarma. Mutum shida kacal ya dogara da su, uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su. Ya bayyana yadda ciwon ke farawa a hankali, yadda hannu ke kyarma ko mutum na zaune, da yadda mai shi ke duƙawa gaba yana ɗan gajeren taku da sauri kamar zai faɗi. Abin da jama'a ke ɗauka tsufa ne kawai, shi ya nuna cuta ce mai zaman kanta. Ya zaci tushenta na saman lakar baya, bai dace ba a nan, amma ya roƙi masu binciken gawa su nemo gaskiyar.

Ya rasu ranar 21 ga Disamba 1824, littafin bai yi wani tashe ba. Sai bayan kusan shekara hamsin Jean-Martin Charcot, likitan asibitin Salpêtrière a Paris, ya laƙaba wa cutar sunansa.

Ɗakunan bincike ne suka amsa roƙon nasa. A 1919 Konstantin Tretiakoff ya nuna cewa wani baƙin yanki a cikin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa. A 1960 Oleh Hornykiewicz da abokin aikinsa a Viyana suka gano ƙarancin sinadarin dopamin a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon, abin da ya buɗe hanyar maganin levodopa. A 1997 aka samu sauyin ƙwayar gado ta furotin alfa-sinuklein a wata zuri'a ƴar asalin Italiya, aka kuma tabbatar shi ne ke dunƙulewa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun haura miliyan 8.5 a 2019. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi ba, sai mai sassauta shi. Ba a san wani hoton Parkinson da ya rage ba.