Malam Aminu Kano da Kuɗin Karatunsa

Mu 'yan Unguwar Gano mun san sunan Malam Aminu Kano tun muna ƙanana, domin babban asibitin nan na hanyar Zariya, daura da Gyaɗi-Gyaɗi, sunansa aka sa masa. An haife shi a Sudawa, cikin birnin Kano, a 1920. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, sa'an nan ya kama aikin malanta a Bauci.

A 1946 ya sami sukolashif na shekara guda zuwa Jami'ar Landan. A ganina albashin malamin Midil ba zai kai shi Ingila ba, balle ya ciyar da shi can. Mu ma da ke ajin ƙarshe, galibinmu in ba da irin wannan tallafi ba, jami'a sai dai mu hango ta daga nesa. A Landan ya cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba. Da ya komo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, daga baya ya shugabanci NEPU, yana fafutukar 'yancin talakawa.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Allah ya jiƙansa, amin.