Kanta, Makiyayin Da Ya Gina Surame

A wannan wata mun kawo muku labarin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa mulkin Kabi. Ya rasu yau fiye da shekara 450, amma har wa yau baƙon da ya sauka Argungu ba ya kwana biyu sai ya ji sunansa, gama sarakunan Kabi suna lissafin asalinsu daga gare shi. Ba a kan gadon sarauta ya soma ba. A bayan shanu ya soma, da filin dambe.

Kabawa sun ce ubansa baƙo ne daga gabas, ya zauna a Kuyambana cikin ƙasar Katsina, ya auri 'yar Sarkin Katsina, ita ta haifi Kanta. Sa'anda uban ya rasu ba a ba Kanta sarautarsa ba. Ransa ya ɓaci, ya bar gida, ya bi Fulani makiyaya zuwa yamma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, cikin littafinsa Infakul Maisuri, ya rubuta cewa Kanta bawan Fulani ne. Kabawa ba su yarda da wannan ba ko kaɗan. Sai mai karatu ya tuna Bello ya yi shekaru yana yaƙi da jikokin Kanta. Duk da haka bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: saurayin ya yi kiwo.

Wanda bai taɓa bin shanu ba yana tsammani kiwo hutu ne. Ba haka ba ne. Makiyayi ya kan tashi tun da asuba, ya yini a tsaye. Da rani ya kan yi tafiya mai nisa neman ruwa, da damina ya tsere wa fadama ya hau tudu. In saniya ta ɓalle, da ƙafa za ya kamo ta. In kura ta zo da dare, shi da sandarsa ne kaɗai. Abincinsa fura da nono, ba mai yawa, ba kuwa lokacin zama a cika ciki. Irin wannan zama ba ya barin teɓa a jikin mutum. Yau mu kan ga ma'aikatan ofis suna gudu da sassafe a gefen titi, waɗansu suna ƙin tuwon dare domin su rage ƙiba. Ba mu yi musu dariya ba, gama likitoci sun tabbatar motsa jiki yana taimakon zuciya. Amma abin da su ke nema da wahala haka, makiyayi a bakin aikinsa ya ke samunsa.

Da haka Kanta ya iso kwarin Gulbin Kabi, wanda a ke kira Rima. A nan labarin ƙarfinsa ya fita. Da kaka, bayan an gama girbi, samari su kan taru a dandali su yi kokawa da dambe. Ɗan dambe ya kan naɗe hannu ɗaya da tsumma da igiya har ya yi tauri, ɗayan hannun kuwa ya miƙa shi gaba domin tsaro. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da ya ke za ya tashi ya kaɗe ƙura ya tafi gida. Tsofaffi sun ce Kanta ya bi ƙauyuka yana kā da zakarunsu ɗaya bayan ɗaya, har ba wanda ya ke so ya fito masa.

A ganina nan ne asirin mutumin ya ke. Masu ƙarfi da yawa sun yi suna a dandali, sun sha kirari, sun tsufa ba su da kome sai tabo. Kanta bai tsaya ga kirari ba. Samarin da suka taru suna kallonsa, har da waɗanda ya kayar, ya jawo su suka zama mutanensa. Kafin a jima makiyayin nan yana da runduna, ƙauyukan kwarin kuwa suna jin maganarsa.

A zamanin nan babban sarki a yamma shi ne Askiya Muhammadu na Songai, wanda birninsa Gawo ne a bakin Kwara. Kanta ya bi shi yaƙin Agadas a ƙasar Asbin wajen shekara ta 1515. Aka ci nasara, aka komo da ganima, amma da aka zo rabo ba a ba Kanta da mutanensa abin da su ke gani hakkinsu ne ba. Sai ya tayar, wajen 1516. Malaman Tambutu sun rubuta wannan cikin littafin Tarihus Sudan. Askiya ya aiko da yaƙi, bai iya da shi ba. Bayan shekaru wani Askiya, Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya zo da kansa, Kanta ya kore shi da mugun kaye a wani wuri da a ke kira Wantarmasa. Sai a zamanin Askiya Dawuda, cikin 1553, aka yi sulhu.

Fadamar gulbin ta taimaki Kabawa ƙwarai. Dokin baƙo ya kan nutse cikin laka, su kuwa mutanen ruwa ne, sun san kowane mashigi.

Kanta ya gina biranen Gungu da Leka, ya kuma gina Surame ta zama babban birninsa. Ganuwar Surame da duwatsu aka yi ta, ba da ƙasa kaɗai ba kamar yawancin biranen Hausa, shi ya sa kufanta ya ke tsaye har yanzu cikin daji, a ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato. Gwamnatin Nijeriya ta sa shi cikin wuraren tarihi da a ke tsarewa a 1964. Amma kada mu ɓoye yadda aka yi aikin. Aikin tilas ne. Ƙasashen da Kanta ya ci su suka aiko da mutane. An ce ya sa Asbinawa ɗauko ruwan gini daga wuri mai nisa. An kuma ce Nufawa sun makara, sai ya hukunta su, ya ce da man kaɗanya za su kwaɓa ƙasar tasu a maimakon ruwa. Masu ba da labarin su kan faɗe shi da dariya. Waɗanda suka ɗauki duwatsun a kā ba su yi dariya ba. Mutumin da ya bar gida domin an hana shi rabonsa, ya kuma tayar wa Askiya domin an hana shi rabonsa, bai cika tunawa da rabon talakan da ke ƙarƙashinsa ba.

Yana da abin shaƙatawarsa kuma. Da damina, sa'anda gulbi ya cika ya malale fadama, doki ba shi da amfani. Kabawa sun ce Kanta ya sa aka sassaƙa masa babban jirgi, aka lulluɓe shi da jan ƙarfe, mutum hamsin su ke tuƙa shi. A ciki ya kan fita yawo bisa ruwa, yana zaga garuruwansa. Ku dubi wannan: jirgi yana walƙiya cikin rana, filafilai hamsin suna faɗuwa tare, masunta suna janye komansu su ba shi hanya. Shan iska ne, amma kowane hakimi ya san ranar da jirgin ya tsaya a mashiginsa, za a tambaye shi lissafi.

Ya yi mulki kusan shekara arba'in, bai zauna ya huta ba har tsufansa. Sarkin Barno ya kawo yaƙi har ƙofar Surame, bai ci birnin ba, ya juya. Kanta bai bar shi ya tafi lafiya ba. Ya bi sawunsa tafiyar kwanaki masu yawa zuwa gabas, har Nguru, wadda ke cikin Jihar Yobe yanzu, ya yi nasara a kansa. A kan hanyar komowa ne ya tsaya faɗa da waɗansu mutane a Dugul cikin ƙasar Katsina. Ƙaramin faɗa ne in an gwada da waɗanda ya gani a baya. A nan kibiya ta same shi. Ya rasu a Jirwa, mutanensa suka ɗauko gawarsa suka kawo Surame suka binne.

Jikokinsa sun bar Surame wajen shekara ta 1700, suka koma Birnin Kabi. Mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kabi a 1805, daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu. Gaba tsakaninsu da Sakkwato ta daɗe ƙwarai. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su domin ya karrama shi, daga nan bikin kamun kifi ya samo asali a irin yadda aka san shi. Ban da masunta da su ke faɗawa Matan Fada da koma da gora, a kan yi tseren jirage, da iyo, da kamun agwagwar ruwa, da kokawa, da dambe. Tsohon gidan sarki na Argungu, wanda aka gina a 1831, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi a 1958, aka sa masa sunan Kanta. Wanda ya je za ya ga masu, da takuba, da bakuna, da tambura na sarakunan Kabi.