Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Dawakinsa

Yaranmu da suka tashi a nan Kubwa, yawancinsu sai a talabijin suke ganin doki, ranar hawan sallah. To, ga labarin wani sarki da aka san shi da doki tun daga Katsina har Ikko.

An haifi marigayi Muhammadu Dikko a 1865, Basullube ne. Yana riƙe da sarautar Durɓi Turawa suka naɗa shi Sarkin Katsina a 1906. A 1921 ya tafi aikin hajji, ya bi ta Ingila.

Ingila kuwa ƙasar sukuwa ce. Duk dawakin tseren da suke taƙama da su, in an bi salsalarsu ta wajen uba, a kan ingarmu uku rak ake tsayawa, waɗanda aka kai can daga ƙasashen gabas wajen shekara 300 da suka wuce. Su rubuta asalin doki suke yi a littafi, mu kuwa a kan Shamaki da 'yan barga yake.

Dikko ya rungumi sukuwa da wasan ƙwallon dawaki, wato folo, ya sa 'ya'yansa da fadawansa a ciki. A ganina nan ya yi dabara, domin yaƙi ya ƙare, doki na neman rasa aikin yi sai kwalliya.

Ya rasu a 1944, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi, ya zama gwanin folo da sunansa ya kai ƙasashen waje.